Iyaye suna aiki amma yara suna cikin talauci a ƙasashen masu kuɗi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk lokacin da aka taɓo maganar rayuwar yara a Turai, Amurka, Kanada da Japan, musamman daga masu shirin tafiya da iyali da kuma waɗanda suka riga suka je suka tarar lissafi baya fita. Na sa musu lamba saboda wasu amsoshin suna jingine da juna.

1. Wai da gaske akwai yara matalauta a waɗannan ƙasashen, ko dai faɗa ce kawai?

Akwai su, kuma da yawa. A Disamban 2023 cibiyar binciken UNICEF ta Innocenti dake Italiya ta fitar da rahoto kan ƙasashe kusan 40 mafiya arziki, ta ce yara wajen miliyan 69 ne ke zaune a gidajen talauci, wato sama da yaro 1 cikin kowane 5. A Tarayyar Turai kaɗai kusan yaro 1 cikin 4 ne ake lissafawa cikin haɗarin talauci ko wariya. Birtaniya a shekarar 2023/24 yara miliyan 4.5 ne, kashi 31 cikin 100, idan an cire kuɗin haya daga abinda gida yake samu.

Kuma arzikin ƙasa ba shi ke yanke hukunci ba. Amurka ta fi Sloveniya da Polan kuɗi nesa ba kusa ba, amma yaro ya fi shiga talauci a Amurka akan waɗancan biyun.

2. Me suke nufi da talauci a can? Ai ba irin namu bane

Eh ma'aunin daban ne. Ana jera duka gidajen ƙasa ne daga mai ƙaramin samu har zuwa mai babba, sai a ɗauki gidan da ya faɗo tsakiyar layi daidai. Duk gidan da abinda ke shigo masa bai kai kashi 60 na wannan na tsakiyar ba, Tarayyar Turai da Birtaniya suna sa shi cikin masu haɗarin talauci. Ƙungiyar OECD mai ƙasashe 38, yawancinsu masu arziki, ita kashi 50 take amfani dashi, shi yasa alƙalumanta suke fitowa ƙasa, a ma'auninta Denmak da Finlan basu kai kashi 5 ba, Amurka kuma tana wajen kashi 20. Ana lissafin ne bayan an cire haraji an ƙara tallafin gwamnati, sannan a duba yawan mutanen gidan, don kuɗin da zai ishi mata da miji bazai ishi mai 'ya'ya huɗu ba.

Saboda haka idan kaga alƙaluma biyu sun saɓa akan ƙasa ɗaya kar ka ce wani ƙarya yake, fara duba wane ma'auni aka ɗauka.

3. To Malam yaron da yake da wuta da ruwan famfo da makaranta kyauta, ina talauci anan?

Ba wanda zai ce halinsa ɗaya da yaron da ya kwana bai ci ba a sansanin gudun hijira, kuma bai dace a haɗa ba. Amma ka duba yadda abin yake daga kusa. Watan Janairu ne, sanyi yana ƙasa da sifili, mitar wuta da gas irin ta kati ce kuma kuɗin ciki ya kusa ƙarewa, uwa ta kashe hita ta sa yara su kwanta da rigunan sanyi saboda abinda ya rage na abincin sati ne, bangon ɗaki ya yi baƙi da danshi yaro yana tari, ita kuma ta ce ta ƙoshi alhali bata ci ba. An ce a kawo kuɗin tafiyar makaranta, yaron ya ɓoye takardar don ya san babu. Ƙungiyar Trussell mai rumbunan abincin sadaka a Birtaniya ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3 a 2023/24, sama da miliyan ɗaya na yara ne. A 2020 sai da ɗan ƙwallo Marcus Rashford, wanda shi kansa da abincin makaranta ya tashi duk da mahaifiyarsa na aiki, ya tsaya tsayin daka kafin gwamnati ta yarda a ci gaba da ciyar da yara lokacin hutu. Wannan yunwa ce ta gaske, ni dai bani da wani suna da zan kira ta.

4. Idan iyaye suna da aiki ba shikenan ba? Ina ce rashin aiki ne matsalar?

Rashin aiki shine babban haɗari, wannan ba musu. A matsakaicin ƙasashen OECD gidan da babu mai aiki ko ɗaya sama da rabin yaransa cikin talauci suke, gidan da uwa da uba duka suke aiki kuwa 'yan kaɗan ne suke faɗawa. Shi yasa Tarayyar Turai take auna har yawan aikin da ake yi a gida, gidan da manyansa suka yi kashi 20 ko ƙasa da haka na lokacin da zasu iya aiki a shekara ana ware shi daban.

Amma samun aiki da samun rufin asiri abu biyu ne. Awa nawa ake yi, nawa ake biya, mutum nawa ne ke kawo albashi, nawa haya da raino suke cinyewa, sannan me gwamnati take ƙarawa a kai, sai an haɗa waɗannan ake sanin inda yaro ya tsaya. Duba tambaya ta 5 da ta 6.

5. Na ji ance mafi yawan yara matalauta iyayensu na aiki. Ya haka bayan abinda ka faɗa a ta 4?

Duka biyun gaskiya ne. Gidajen da ba mai aiki haɗarinsu ya fi girma amma su kaɗan ne, gidajen masu aiki haɗarinsu ƙarami ne amma su ne mafi yawa, to ƙaramin kaso na jama'a mai yawa sai ya rinjayi babban kaso na jama'a kaɗan. A Birtaniya wajen yara 7 cikin 10 dake cikin talauci a gidansu akwai aƙalla mutum ɗaya mai aiki. Wannan adadin ya kamata duk mai zagin talakan can da lalaci ya riƙe.

6. Wane irin aiki ne mutum zai yi amma bai fitar da 'ya'yansa ba?

Ɗauki Amurka. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 ba a taɓa shi ba, jihohi da yawa sun ɗaga nasu amma wajen 20 har yanzu shi suke bi. Wanda ya yi awa 40 duk sati har shekara ba hutu ba ciwo zai tashi da dala 15,080, alhali layin talauci na uwa da yara biyu ya haura dala dubu 25. Wato ta yi cikakken aiki tun daga Janairu har Disamba amma ko kusa da layin bata zo ba. Sannan babu dokar tarayya ta hutun haihuwa da albashi, dokar 1993 sati 12 ta bayar ba biya, ita ma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba.

A Birtaniya akwai kwantiragin da ba a yi maka alkawarin awa ko ɗaya ba, wannan satin a kira ka awa 38 sati mai zuwa awa 9, haya kuwa bata raguwa, kuma ta yaya zaka kama wa yaro gurbi a gidan raino baka san ranar da zaka fita ba? A Jamus akwai ƙananan ayyukan da ake kira Minijob waɗanda aka ƙayyade abinda zaka samu a wata, mata da yawa suna maƙalewa a ciki shekara da shekaru. Sifaniya ta daɗe tana fama da aikin wucin gadi da na kaka, otal da gona, kuma tana cikin ƙasashen Tarayyar Turai uku da talaucin yara ya fi yawa tare da Romaniya da Bulgeriya, duk da ta fi su kuɗi. Aikin shara, kula da tsofaffi, kai saƙo a mashin, ɗaukar kaya a sito, nan ne hannu baka hannu ƙwarya ya fi yawa. Ilimin iyaye ma yana shiga sosai, a Tarayyar Turai yaran da iyayensu basu yi nisa a karatu ba wajen kashi 60 suna cikin haɗari, na masu digiri kuwa wajen kashi 10.

7. Dole ne sai uwa ma ta fita aiki? Albashin maigida kaɗai bazai riƙe gida ba?

Idan albashin babba ne zai riƙe. Amma ka tuna ma'aunin tambaya ta 2, gidan tsakiya a yawancin ƙasashen nan albashi biyu ne ke shiga, kuma farashin haya da komai ya bi hakan, to mai ƙaramin albashi ɗaya da yara uku kusan kullum a ƙasan layi zai samu kansa ko da baya fashin aiki. Ba ina cewa kowace mace ta bar jinjiri ta fita bane, wannan shawarar gida ce kuma raino shi kansa aiki ne mai nauyi, lissafin kawai nake nunawa.

Abinda ke tare hanya shine raino. Babu kaka a ɗakin baya, babu ƙanwar miji, babu maƙwabciyar da zaki miƙa wa yaro ta katanga, komai sai an biya. Ƙasashen da suka rage talaucin yara nan suka sa hannu. A Suwidin hutun haihuwa kwana 480 ne da biya, kwana 90 an keɓe wa kowane ɗaya daga iyayen ba a iya bai wa ɗayan, kuɗin gidan raino kuma baya wuce kashi 3 na samun gida ga yaro na farko. A Denmak iyaye basa biyan fiye da kashi 25 na ainihin kuɗin, ƙaramar hukuma ke cika sauran. Lardin Kwibek na Kanada ya fara rainon dala 5 a rana a 1997 kuma yawan iyaye mata masu aiki ya tashi sosai bayan nan. Jamus tun Agustan 2013 doka ta ba duk yaron da ya shekara haƙƙin gurbi, sai dai a birane da yawa gurbin baya isa, kina da haƙƙi a takarda kina layi a zahiri. A Amurka da Ingila kuwa an daɗe ana samun uwar da idan ta cire kuɗin raino da na mota daga albashinta abinda ya rage bai taka kara ya karya ba, sai ta haƙura ta zauna, daga baya a ce ta ƙi aiki.

8. Ya batun uwar da take riƙe da yara ita kaɗai?

Nan ne abin ya fi ciwo, kuma Japan ce misalin da ya fi fito da shi fili. Sama da kashi 80 na iyaye mata dake riƙe da yara su kaɗai a Japan suna aiki, da wuya ka samu ƙasar da ta kai haka, amma a 2021 wajen kashi 44 na gidajen iyaye ɗaya cikin talauci suke. Dalili, macen da ta bar aiki ta yi raino idan aure ya mutu bata samun komawa aikin dindindin mai ƙarin girma da garaɓasar shekara, sai aikin awa-awa a kanti ko masana'anta, wata biyu take haɗawa ta fita da asuba ta dawo yara sun yi barci. Sannan wajen kashi 28 ne kawai suke karɓar kuɗin ciyarwa daga uban yaran. Daga 2012 mutanen unguwa suka fara buɗe wuraren ciyar da yara kyauta ko da araha, an fara a Tokyo, yanzu sun haura dubu 10 a faɗin ƙasar. Abin a yaba ne, amma yawan nasu yana nuna girman ramin.

A Denmak da Finlan ma irin wannan gidan ya fi sauran shiga haɗari, sai dai tazarar bata kai haka ba, saboda raino mai sauƙi da aka yi bayani a ta 7 da kuma tsarin da gwamnati ke biyan kuɗin ciyarwa idan uba ya ƙi ko ya kasa. Uban da ya tsallake ya bar 'ya'yansa, a can ko a nan, shi ya fara tura su ramin kafin a zo kan gwamnati.

9. Me yasa wasu suke cewa ƙarin awa bashi da riba?

Saboda tallafi yana raguwa yayin da albashi ke ƙaruwa. Ga lissafin Ingila ga uba dake karɓar Universal Credit, wato tallafin gwamnati na masu ƙaramin samu, kuma albashinsa ya kai na biyan haraji. Ya yi ƙarin aiki na fam 100. Haraji ya ɗauki 20, inshorar ƙasa, wani kuɗin da gwamnati ke cirewa daga albashi, ta ɗauki 8, saura 72. Sai a rage tallafinsa da kashi 55 na wannan 72 ɗin, wajen fam 40 kenan. Abinda ya ƙaru a aljihunsa wajen fam 32 ne, kuma bai cire kuɗin bas da na wanda ya riƙe masa yara a wannan awannin ba. Kamar ɗiban ruwa da kwando. Kafin ƙarshen 2021 ma kashi 63 ake cirewa. Duk da haka da yawansu suna yin ƙarin awan, saboda fam 32 takalmin makaranta ne.

10. Shin bai wa iyaye kuɗi a hannu baya sa su daina aiki?

Wannan ita ce gardamar da 'yan siyasar can basa gajiya da ita. A 2021 Amurka ta faɗaɗa tallafin yara zuwa dala 3,600 a shekara ga ɗan ƙasa da shekara 6 da dala 3,000 ga manya, daga Yuli zuwa Disamba ana turawa wata-wata, har da iyayen da basu da albashi. Talaucin yara ya sauko kashi 5.2, mafi ƙasa da aka taɓa aunawa. Majalisa bata sabunta ba, a 2022 ya koma kashi 12.4, ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara ɗaya alhali aiki na nan a wadace. Binciken da aka yi akan waɗancan watannin bai ga iyaye sun watsar da aiki ba, sai dai masu suka suna cewa wata shida ya yi kaɗan a yanke hukunci, kuma maganarsu abin saurare ce.

Kanada ta kawo nata tallafin a Yulin 2016 talaucin yara ya ragu sosai. Polan ta fara ba da zuloti 500, kuɗin ƙasarta, a wata a 2016, ta ɗaga zuwa 800 a 2024, kuma tana cikin waɗanda suka fi rage talaucin yara a rahoton da na ambata a ta 1. A can an samu masu binciken da suka ce wasu mata sun bar aiki da farko, amma ka lura lokacin kuɗin ɗan fari sai gidan da samunsa bai wuce wani layi ba, wato ƙarin albashi kaɗan zai iya jawo asarar 500 gaba ɗaya, a 2019 aka cire wannan sharaɗin. A ganina yadda aka tsara tallafin shine abin dubawa. Ɗaya ɓangaren kuma Amurka ta gwada shi a 1996 zamanin Clinton, aka ɗaura tallafi da sharaɗin aiki aka sa iyakar shekara 5, mata da yawa sun shiga aiki gaskiya ne, amma daga gidaje 68 cikin 100 na matalauta dake samun tallafin kuɗi lokacin, abin ya sauko wajen 21.

11. Yawan 'ya'ya yana ƙara haɗarin?

Yana ƙarawa, don albashi baya duba yawan bakin da zai ci. Wasu ƙasashen suna bin kowane yaro da kuɗinsa, Jamus ta mayar da shi yuro 250 a wata ga kowane yaro a 2023 kuma ta ɗan ƙara bayan nan. Birtaniya kuwa a Afrilun 2017 ta kawo dokar da ta hana tallafin yaro na uku zuwa sama ga waɗanda aka haifa bayan lokacin, kuma mafi yawan gidajen da ta shafa masu aiki ne. A Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da soke ta. Yaro na uku bai zaɓi lambarsa ba, na daɗe ina ganin dokar zalunci ce.

12. Haya fa?

Ita ce ke haɗiye ƙarin albashin. A Birtaniya a 2023/24 kafin a cire kuɗin gida talaucin yara yana wajen kashi 23, bayan an cire ya zama 31. A Ingila yara sama da dubu 150 suna zaune a masaukin wucin gadi, wasu iyali guda a ɗakin otal ɗaya ba wurin girki, kuma Landan inda albashi ya fi tsoka nan abin ya fi ƙamari.

13. Mu baƙi da muka zo da bizar aiki ko karatu, duk tallafin nan ya shafe mu?

Yawanci a'a, kuma wannan ne mutanenmu basa sani sai sun sauka. A Birtaniya mafi yawan bizar aiki da karatu suna ɗauke da sharaɗin NRPF, wato baka da damar karɓar tallafin gwamnati, ba Universal Credit, ba kuɗin yara, ba taimakon haya, kana biyan haraji kamar kowa amma ranar da awanni suka ragu ba abinda zai tare ka. Awa 30 na raino kyauta da ake ba iyaye masu aiki a Ingila galibi baya shafar mai wannan sharaɗin, sai awa 15 na 'yan shekara 3 da 4 da kowa ke samu. Ga kuɗin lafiya na biza fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro da ɗalibi, in ba bizar ma'aikatan lafiya ba. Shi yasa zaka ga miji yana aikin dare a gidan tsofaffi ya shigo bakwai na safe, matar tana bakin ƙofa da jaka zata fita nata, a tsaye suke gaisawa, shi zai kai yara makaranta bai runtsa ba, ga kuma waya daga gida ana jiran a turo na asibiti da na makaranta.

Amma akwai ƙofofi kuma ba abin kunya bane ƙwanƙwasa su. Tun 2022 yaran masu NRPF a Ingila suna iya samun abincin makaranta kyauta idan samun gida bai wuce iyaka ba. Sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimakon yaron dake cikin buƙata ko me bizar iyayensa ta ce. A Kanada mai zaman wucin gadi yana iya neman tallafin yara bayan wata 18. A Jamus ya danganta da irin takardar zamanka. Dan Allah kar matsi ya sa a kulle ƙananan yara su kaɗai a gida a tafi aiki, banda haɗarin kansa, hukumar kula da yara tana iya shigowa.

14. Kuɗin ne da kansa yake canza rayuwar yaro, ko tarbiyya ce?

Tarbiyya tana da nata wurin, amma kuɗi ma yana aiki da kansa. A Karolina ta Arewa masu bincike na jami'ar Duke ƙarƙashin Jane Costello suna bin yara sama da 1,400 tun 1993, sai a tsakiyar binciken ƙabilar Cherokee ta fara raba wa mutanenta ribar gidan cacar da ta buɗe, dala dubbai a shekara ba tare da sharaɗi ba. Tushen kuɗin ba abin koyi bane a wurinmu, abinda ya biyo baya ne darasin. Yaran gidajen da kuɗin ya fitar daga talauci matsalolin ɗabi'arsu sun ragu, waɗanda suka fi talauci sun ƙara wajen shekara guda a makaranta, kuma ɗaya daga dalilan da aka gano shine iyaye sun samu sararin sa ido akan 'ya'yansu.

15. Ina shirin tafiya da iyali, me zan lissafa kafin in sayi tikiti?

Kar ka juya albashin zuwa naira ko sefa, a kuɗin can zaka kashe shi. Nemi abinda zai rage bayan haraji, cire hayar gida mai ɗakunan da doka da mai gida zasu yarda da yawanku a garin da aikin yake, cire wuta da gas na watannin sanyi, cire raino na duk yaron da bai kai shiga makaranta ba da na awannin bayan tashi, don makaranta tana tashi wajen ƙarfe uku aiki kuma baya tashi. Tambayi mai ɗaukarka awa nawa aka rubuta a kwantiragi, ba awa nawa ake samu in an yi sa'a ba, dalili yana ta 6. Duba ko bizar ta yarda matarka ta yi aiki, da ko ma ta yarda ka zo da iyali, don Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai daga Janairun 2024 da masu kula da tsofaffi daga Maris 2024. Sannan ka karanta ta 13 ka sake lissafin da albashi ɗaya kacal na tsawon wata uku, saboda haihuwa ko ciwo ko sallama daga aiki.